Kwamfutar da Ta Faɗa Kogi da Saniyar Bello

Ku samari, tun da kuka fara zuwa rumfar nan ranar Lahadi nake sauraron ku. Kowace kwamfuta aka ajiye a kan teburin nan, kafin mai ita ya gama sallama wani cikinku ya ce a formate ta, wato a share duk abin da ke ciki a zuba mata sabon tsari. In ba ta tashi ba ku zaro waya, ku kalli wani yana gyara tasa a wata ƙasa, ku ce ai aikin ba wuya. Ga shi kuma kun dame ni da ƙorafin saniyar da ke ɗaure bayan rumfa, wai tana tara mana ƙuda. To, ku gyara zama. Zan ba ku labarin sana'ar nan, saniyar ma za ta shigo ciki.

Ni Isuhu da rediyo na fara. Mahaifina ya tsallaka gada da ni daga nan Malanville zuwa Gaya, ya danƙa ni ga Malam Ɗan Bako, tsohon mai gyara, mutum marar yawan magana. Rediyon farko da ya bari na taɓa ta wani mai awaki ce, ta daina magana sai shuuu. Na ɗauki turnubis, abin kwance kusoshi, zan buɗe ta, sai ya buge mini hannu.

"Ka tambayi mai ita?" in ji shi. "Ina yaka aje ta? Wa yat taɓa ta? Mi tay yi kahin ta yi shiru?"

Da na tambaya, ashe a rataye take kwana a jikin bukka, kuma an yi ruwa daren jiya. Ba abin da ya lalace a cikinta. Muka buɗe bayanta muka jingine ta a inuwa, washegari ta kama magana.

Ƙarfen dalmar Malam Ɗan Bako ba na wutar lantarki ba ne. Guntun tagulla ne da ƙotar icce, a gawayi ake gasa shi. Aikina na farko shi ne fifita, na biyu goge bakin ƙarfen da zarto har ya yi tsini. Zafinsa kuwa da kumatu ake auna shi, ka kawo shi kusa da fuska ka ji. In ya yi sanyi dalma ba ta narkewa, in ya wuce kima ya ɗago siraran hanyoyin tagullar da ke kan allon rediyo, shi ke nan ka kashe wa mutum kaya. Ranar da ya sallame ni, ƙarfen nan ya ba ni. Yana cikin akwatin da kake zaune a kai, kai mai jar hula.

Kwamfutar farko da aka kawo mini nan Malanville ta wani mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan ce, wato kwastan. Lokacin an shiga zamanin zaɓe, gari ya buɗe, kowane ofis yana son na'ura. Mutane biyu suka sauke ta daga bayan babur kamar buhun gero. Tana kuka ƙit-ƙit-ƙit, gilashi baƙi ƙirin. Ban taɓa ganin cikin irinta ba, amma ban nuna ba. Na tambaye shi labari, ya ce daga Kotonu aka ɗauko ta a saman mota. Na ce to girgiza ce. Na buɗe, na bi duk abin da ake sokawa na zare, na goge haƙoransa da gom, abin goge fensir na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na mayar. Ta tashi. Daga ranar sunana ya koma Isuhu mai ordinata, wato mai kwamfuta, alhali ko rubuta sunana a kanta ban iya ba.

Wanda ya koya mini wannan ɓangaren shi ne Mushe Hamidu, malamin lakwal da ya yi ritaya. Shi ya san abin da ke fitowa a gilashi, ni na san abin da ke cikin ciki. Yakan zo Lahadi da tasa na'urar mu yi ta musu a kanta. Da kaɗan-kaɗan wasu suka riƙa tsayawa: mai ɗaukar hoto, wani akawu, wani mai zuba waƙoƙi a katin waya. Aka kawo butar shayi, aka ƙara benci, wurin ya zama fada. Ba mu taɓa rubuta doka ba, amma kowa ya san ta. A fada ba a biyan kowa, wanda ya kawo marar lafiya shi ke kawo sukari. Kuma ba mai taɓa na'ura sai mai ita ya faɗi duk abin da ya yi mata, ba kuma mai yi masa dariya sai ya kai ƙarshe. Bayan ya gama kam, sai yadda hali ya yi.

Wannan dokar ta labari ita ce rabin aikin, don mai kaya ba ya son faɗin gaskiya. Wani Alhaji ya taɓa kawo tasa yana rantsuwa ba abin da ya yi mata. Na buɗe na tarar da tururuwa sun yi gida a ƙarƙashin maɓallan rubutu. Sai a lokacin ya tuna cewa fura ta ɗan zube. Wani kuma ya sayo tasa ta hanyar Kamba, ya zo yana cewa aljanu ne, yana danna harafi wani na fitowa. Na'urorin Nijeriya jerin haruffansu daban ne da na Kotonu, shi ke nan aljanun.

Kayan aikin kuwa ga su nan, ba wani abin mamaki. Turnubis ƙanana, buroshin haƙori, alkol na kantin magani, mitar auna wuta, gilashin ƙara girma da na saya wurin mai gyaran agogo. Kwalin ƙwai da kuke son zubarwa, a cikinsa nake jera kusoshi rami-rami, yadda na kwance haka zan mayar. Wancan kwalin na ƙasan tebur kuwa matattun na'urori ne. Ba a zubar da matacciya a wannan sana'ar, wata rana za a ci wani abu a jikinta.

Shekarar da aka rufe gada ita ce mafi muni da na gani. Manyan motoci suka yi layi har inda ido ba ya kaiwa, direbobi na dafa abinci a ƙarƙashinsu. Rabin masu kawo mini aiki mutanen Gaya ne, suka ɗauke ƙafa. Masu aikin duwan suka rufe ofis, ba mai gyara na'urar da ba ta da aikin yi. Na koma gyaran tocila da cajar waya. Fada ta ragu ta koma mu kaɗan, wata Lahadin ma shayin ba sukari.

Mutum ɗaya cikinmu da aiki ya yi wa yawa shi ne Gado mai jirgi, don kogi ya zama hanyar kowa. Gado Badande ne, a ruwa aka haife shi, injin jirgi kuwa ko ido a rufe yana kwance shi. Son kwamfuta ya kama shi da girmansa. Ya tara abin da ya tara ya sayi tsohuwa ta hannu, kullum tana naɗe a leda cikin tabarmar sallarsa. Da ita 'ya'yansa ke karatu, da ita yake nuna wa fasinja kokowa in suna jiran jirgi ya cika. Rana ɗaya suka saya da Madam Rakiya, wurin ɗan kasuwa ɗaya, iri ɗaya. Madam Rakiya mai yi wa dabbobi rigakafi ce, ita ma 'yar fada ce, aikinta a ƙauyukan nan namu, gidan aurenta a Gaya.

Wata Lahadi da hantsi suka shigo su uku: Madam Rakiya, Gado, da wani Bafulatani dogo da sanda a kafaɗa. Ta ajiye kwamfutarta a kan tebur, ruwa na tsatsowa daga gefenta. Ba wanda ya kawo sukari, ba kuma wanda ya tambaya.

"Malam Isuhu, ta hwaɗa ruwa," in ji ta. "Wurin sauka na, jikkata tas suɓuce. Gado yac ciro ta nan take."

"An kunna ta?"

Sai ta dubi Gado.

"Ni nik kunna ta," in ji Gado. "Inji in ya hwaɗa ruwa ba a bari nai shi kwana. Nan take a hidda buji, a tsiyaye ruwa, a ja igiya, shi tashi, zahi shi busar da cikinai. In ka bar shi tsatsa ta cinye shi. Hakanan munka gada. Sai nic ce to ita ma a tashe ta maza."

"Mi tay yi?"

"Ta yi ƙyas. Hayaƙi yah hito."

Ba wanda ya yi dariya, har bayan ya gama. Abin da ya faɗa gaskiya ne a kan inji, kowane mai jirgi ya ceci injinsa da wannan dabarar. Amma na'ura in ta jiƙe, ruwan ba ya kashe ta da sauri kamar wutar da za ka saka mata. Da an zare batir, an buɗe, an wanke lakar da alkol, an bar ta ta sha iska, da ba mu ji komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na dubi fuskarsa na ga abin ya ishe shi.

Sai Madam Rakiya ta nuna baƙon, ta ce sunansa Bello, makiyayi ne daga Madekali, don shi ta tsallako da na'urar. Mushe Hamidu ya ba shi wurin zama ya ce ya faɗi nasa labarin.

"Saniya ta anka sace mini da ɗiyanta biyu," in ji Bello. "Kuma ba tawa ba ta, habbanaye ta. Ta kawuna ta."

Ku 'yan gari ba ku san habbanaye ba. In garken mutum ya ƙare, ɗan'uwa ko aboki ya ba shi aron saniya. Ya kiwata ta, ya sha nono, in ta haihu 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Bello cuta ta share masa garke, kawunsa ya ba shi wannan. Lokacin mayar da ita ya kusa sai aka sace. In bai mayar ba kawun ba zai kai shi ƙara ba, amma ba mai sake ɗaura masa igiya a hannu a duk dangi, kuma 'yan maruƙan nan su ne duk abin da ya mallaka.

Ya gano saniyar da 'yar karsanarta a kasuwar shanu, a hannun wani dillali da ya ce saye ya yi. An ƙona mata sabuwar shaida a cinya, a kan tsohuwar. Bello ya kawo masu shaida, dillali ma ya kawo nasa. Jandarma suka tsare dabbobin, suka ce in kasuwa ta zagayo ba a kawo hujja ba za a bar wa wanda aka same su a hannunsa. Ita kuwa Madam Rakiya, duk garken da ta yi wa allura takan ɗauki hotonsa da mai shi, ta juye a kwamfuta ta share katin. Hoton saniyar da Bello yana cikin wannan da ke ɗigar ruwa.

Na kwance ta. Babban allon ya ƙone, wannan ba magana. Amma hotuna ba a nan suke zama ba, suna cikin disk, ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu. Na zare shi na girgiza a kunne, ban ji ruwa ba, cikinsa a rufe yake. Sai dai a bayansa akwai ɗan koren allo da ke tuƙa shi, a nan na ga baƙin tabo, na kuma ji warin ƙuna. Abin da ke ciki yana nan, ƙofar ce ta lalace.

Maganin shi ne a samo wani allon iri ɗaya sak. Mushe Hamidu ya juye kwalin matattu a ƙasa, muka bi su ɗaya-ɗaya, ba wanda ya dace. Mai hoto ya kira wani a Paraku, aka ce irin wannan tsohon sai an nema, kuma kafin ya iso kasuwa ta ci ta watse. Muna cikin wannan ba mu lura Gado ya fita ba. Sai ga shi ya dawo da tabarmarsa, ya warware, ya ajiye tasa kusa da ta Madam Rakiya.

Na ce masa, "Gado, tsaya ka ji. Ba musanya kawai za a yi ba. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ƙahwa takwas bisa kowane allo, shi yas san disk nai. Sai na ɓamɓare naka na ɗora nata, in an ƙare in mai da. Allon ga siriri na. In ƙarhe ya daɗe kaɗan, ka rasa naka, kuma bana ba inda za ka samu wani."

"Na ji," in ji shi. "Kwance."

Muka fara kwashe karatun yaransa zuwa na'urar Mushe Hamidu. Sannan na jona ƙarfen wuta, yana fara ɗumi aka ɗauke wutar. A wancan lokacin in ta tafi ba mai sanin ranar dawowarta. Na zauna ina kallon kaskon shayi, sai na ce a sauke buta. Na buɗe akwati na ɗauko ƙarfen Malam Ɗan Bako, na goge bakinsa da zarto har ya yi siriri, na tura shi cikin gawayi. Mushe Hamidu da furfurarsa ya durƙusa yana fifita.

Madam Rakiya ta riƙe mini gilashin ƙara girma. Na kawo ƙarfen kusa da kumatu, na jira ya ɗan huce. Na malala dalma a kan ƙafafun gefe ɗaya, na koma ɗaya gefen, ina kai da komo har duka suka narke tare, na ɗaga ƙwaron da hantsaki. Na ajiye shi a ramin kwalin ƙwai shi kaɗai, na ce kada wanda ya yi numfashi kusa da shi. Na yi wa allon Gado haka. Shi dai ya fita bakin titi ya juya mana baya. Sannan na ɗora ƙwaron Madam Rakiya a kan allon Gado, ƙafa bayan ƙafa, gumi na ɗiga daga haɓata. Na ɗaura allon a jikin disk ɗinta, muka jona shi da na'urar Mushe Hamidu, wadda batirinta ya kusa ƙarewa.

Na kara kunne. Disk ya juya, ya yi ƙas sau ɗaya. Sai ya daidaita.

Madam Rakiya ta nemo inda ta tara na Madekali, hotuna suka fara wucewa. Bello bai taɓa kallon gilashin kwamfuta ba, amma yana tsaye a bayanta yana faɗin mai kowane garke tun kafin fuskar mutumin ta fito. Can sai ya miƙa sanda har ta kusa taɓa gilashin.

"Wule," in ji shi. "Ga ta nan."

Jar saniya ce, fari ya sauko mata daga goshi zuwa hanci, kunnen hagu a tsage, tsohuwar shaidar kawunsa fes a cinyarta. Bello na riƙe da ƙahonta, maruƙa biyu a gefe, kwanan wata a ƙasan hoton. Muka kwashe shi a kati kafin batir ya mutu, mai hoto ya wanke shi babba. Washegari suka kai wa jandarma. Aka ba Bello saniyar da karsanar. Ɗan marakin kam an riga an sayar, ba a sake ganinsa ba.

Saura mayar wa Gado ƙwaronsa. Wannan karon da ƙarfen wuta na yi, a natse, da safe. Amma allon ya sha zafi har ya gaji. Ina ɗaga ƙwaron, hanyoyi biyu suka biyo shi kamar zare. Na yi ƙoƙarin ɗinke su da siririyar waya, disk ya ƙi juyawa. Na gaya masa. Ya naɗe na'urarsa a leda ya mayar cikin tabarma, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Har shekarar ta ƙare ba shi da kwamfuta. Duk Lahadi yana zuwa, shi ke dafa shayi, in an kawo na'ura sai ya matsa gefe ya sa hannuwa a baya. Abin yana damuna, don na san yaransa sun daina karatun da suke yi.

Bayan damina, wata Lahadi muna zaune sai ga Bello ya ɓullo ta bayan rumfa, yana jan karsanar nan, ta girma ta yi kyau. Ya gaya mana ya mayar wa kawunsa Wule da hannunsa, a gaban dangi. Sannan ya zagaya ya tsaya gaban Gado ya miƙa masa igiya.

"Habbanaye," in ji shi. "In ta haihu, ɗiyan naka na."

Gado ya miƙe, kofin shayi a hannunsa. "Haba Bello! Ni fa nik ƙone na'urar. Kuma ni ɗan ruwa na, mi za ni yi da saniya? Ita ɗai gare ka."

"Kai ma na'ura guda ag gare ka," in ji Bello. "Riƙe igiya."

Gado ya dube mu. Ya ajiye kofin ya karɓa.

Gidansa a bakin kogi yake, ruwa na shiga, shi ya sa ya kafa mata turke a nan. Ta haihu, ya mayar da uwar Madekali da ƙafarsa, mutumin da bai taɓa tafiyar tudu mai nisa ba. 'Yar ita ce wannan da kuke kora. Ku bar ta ta ci harawarta.

Kai kuma mai jar hula, ɗauke yatsanka daga maɓallin kunnawa. Mai kwamfutar bai gama ba mu labari ba.